Wace tukunyar kashe gobara ta dace da ƙaramar mota, kuma ina ake ajiye ta?

Maman Ummi

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota da ta kashe gobara. Motar Corolla ce ƙirar 2008 mai shan fetur, da ita ake kai yara makaranta, lokaci-lokaci kuma a hau hanyar Kano zuwa Kaduna. Abin kashe wutar da ke cikinta ɗan gwangwanin nan ne da ake talla a danja, mai kama da na maganin sauro, yana can cikin but kusa da safaya. Shin wannan zai iya kashe wutar mota kuwa, ko dai na nuna wa 'yan Rod Sefti ne kawai? In bai isa ba, wane iri ya kamata a saya, mai kilo nawa? Zafin watan Afrilu ba zai fasa shi ba idan mota ta wuni a rana? Sannan in hayaƙi ya taso daga bonet ana cikin tafiya, da me ake farawa? Na gode.

Ɗan Kwana-kwana

Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan gwangwanin kada ki dogara da shi. Yawancinsu rabin lita ne ko kusa da haka, ba su da agogon da zai nuna miki ko akwai sauran iska a ciki, kuma in kin karanta jikinsu za ki ga an hana ajiye su inda zafi ya haura digiri 50. Zai iya kashe tsumma ko waya guda da ta fara ci, amma fetur da ya zubo a kan inji mai zafi ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Abin da za ki nema shi ne tukunyar hoda wadda aka rubuta ABC a jikinta, ta ƙarfe, mai agogo da fil. Harafin A na nufin wutar abubuwa masu jiki, irin su soson kujera, kafet, roba da taya. B na nufin mai, wato fetur, dizal, baƙin mai, man birki da man giya. C kuma iskar gas ce, amma a tukwanen da aka ƙera don Amurka C ɗin na nufin wutar lantarki. Ko wanne ne ya dace da mota, don hodar ba ta ɗaukar lantarki. Mota ta tara duk waɗannan a wuri ɗaya, shi ya sa tukunya mai kashe irin wuta ɗaya kawai ba ta wadatarwa.

Ta fuskar doka, ƙa'idojin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra sun ce ƙaramar mota da tasi su riƙe guda ɗaya mai kilo 1, bas da a-kori-kura mai kilo 2, manyan motocin kaya guda biyu masu kilo 6, tirela da tanka guda biyu masu kilo 9. Rashinta laifi ne da ake cin tara. Amma shawarata ki sayi mai kilo 2. Dalili shi ne lokaci. Mai kilo 1 in kika matse ta ba sassauci, cikin daƙiƙa 6 zuwa 10 ta ƙare. Mai kilo 2 za ta kai ki daƙiƙa 10 zuwa 12 ko ɗan fiye, kuma hodar da take fitarwa ta fi yawa. Mutumin da bai taɓa riƙe ta ba, daƙiƙa biyu ko uku na farko a iska yake zubar da su saboda ruɗewa. To ki lissafa abin da ya rage a mai kilo 1. Ki kuma duba lambobin da ke jikin takardarta, za ki ga wani abu kamar 8A 34B a ƙarama, 13A 70B ko 89B a mai kilo 2. Lambar da ke haɗe da B ita ce ke nuna girman wutar man da aka gwada ta da shi. Tukunyar da ba ta da irin waɗannan lambobi ba shaidar an gwada ta, a bar ta a shagon.

Yanzu batun abin da ake yi in hayaƙi ya taso, wanda shi ne ya fi muhimmanci.

Ki sauka gefen titi nan take, amma ba a kan busasshiyar ciyawa ba, ba kusa da gidan mai ko teburin 'yan bumburutu ba. Ki ja birkin hannu, ki kashe mota ki zare makulli. Kashe motar ba ƙaramin abu ba ne: famfon man da ke cikin tanki yana tura fetur da matsin bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), in tiyo ya tsage, feshi yake yi a kan inji har sai an yanke masa wuta. Tun kafin ki tsaya ki danna makullin ƙofofi ya buɗe, don idan wayoyi suka ƙone, makullin lantarki da gilashin lantarki na iya daina aiki. Tunda kina ɗaukar yara, ki tuna in an sa makullin yara a ƙofofin baya, ba sa buɗuwa ta ciki, sai kin zagaya ta waje. A fitar da kowa tukuna, a kai su nesa kamar mita 30, ta ɓangaren da iska ke tasowa, kuma ba a kan kwalta ba. Jaka da waya su jira.

Kafin ki fita, ki ja hannun buɗe bonet da ke ƙarƙashin sitiyari, saboda wayarsa na saurin lalacewa in zafi ya yi yawa. Bonet zai ɗaga kamar yatsa biyu ya tsaya a kan ƙugiyarsa. A nan za ki bar shi. Kada ki ɗaga shi, kada ki yarda wani mai taimako ya ɗaga. Wutar da ke ƙarƙashin rufaffen bonet a takure take, iska ba ta ishe ta ba. Da an wangale shi za ta samu iska ta tashi gaba ɗaya, kuma fuska da hannun mai buɗewar ne a saitinta. 

Ki tsaya iska na bayanki, ki zare fil, ki riƙe tukunyar a tsaye, don a ciki akwai bututu da ke ɗebo hoda daga ƙasa, in kika kwantar da ita ko kika kifa, iska ce za ta fita ta bar hodar. Ki sa bakinta a wannan 'yar kafar ta bonet ki matsa na daƙiƙa biyu, ki saki, ki duba, ki matsa zuwa ɗaya gefen ki sake. A rufaffen wuri hodar na cika ko'ina, ta fi aiki a kan a fili. Feshi ta ragar gaba bai cika amfani ba, lagireto da na'urar sanyin AC sun tare hanya. In wutar a ƙasa take, a durƙusa a harba ta bayan tayar gaba ko ta ƙarƙashin bamba. In kuwa mai ne ya malala a ƙasa yana ci, a tsaya kamar mita 2, a saita gindin wutar ba harshenta ba, ana kaɗa hannu dama da hagu daga gefen da ke kusa. In an matsa kusa da yawa, ƙarfin feshin zai watsa man da ke ci.

Kada a juye ta duka a tashi ɗaya. Hoda na katse wuta ne amma ba ta sanyaya ƙarfe, don haka wutar na iya dawowa bayan minti ɗaya ko biyu. A rage kashi ɗaya cikin uku saboda haka.

Akwai kuma lokacin da ake haƙura. In wuta ta shiga inda ake zama, ko tana ci a ƙarƙashin baya wajen tanki, ko harshenta ya fito ta gefen bonet ya haura tsayin mutum, to ta wuce aikin ƙaramar tukunya. Hayaƙin soson kujera da roba guba ne, shaƙa kaɗan ke kayar da mutum. Tayoyi na fashewa, jakar iskar sitiyari na tashi, ƙarafan da ke riƙe but da iska na harbawa. A ja da baya a kira 112, a Nijar kuma 18.

Rewaya

Yallaɓai ya gama magana kan feshi. Ni ta wajen waya zan ƙara, don a nan ake asarar tukunya a banza.

Hajiya, in wutar daga waya ta taso, zare makulli bai yanke ta ba. Babbar wayar da ta tashi daga kan batir zuwa kik da altaneta kullum a raye take, ko mota na kashe. In rigarta ta goge ta taɓa bodi, batir zai tura ɗaruruwan amfiya ta wannan wuri, wayar ta yi jajir. Kin fesa hoda wuta ta mutu, bayan ɗan lokaci ta sake kamawa, haka za a yi ta yi har tukunya ta ƙare, saboda abin da ke hura ta yana nan. Maganinta cire kan batir. Ki ajiye safana mai lamba 10 a aljihun ƙofar direba, ita ce ke kwance notin kan batir na Corolla da yawancin motocin Japan. Bayan harshen wuta ya mutu, an ɗan jira, sai a ɗaga bonet a hankali da tsumma a hannu, mutum ɗaya na riƙe da tukunya a shirye. A fara cire baƙin kai mai alamar ragi. Dalili: in kika fara da jan kai safana ta taɓa bodi, tartsatsi za ta yi, ga tururin fetur a wurin. In an cire a lanƙwasa wayar gefe yadda ba za ta koma ta taɓa ba. A motarki batir na gaba ta ɓangaren direba, amma akwai motocin Jamus da nasu ke but ko ƙarƙashin kujera, kowa ya san inda nasa yake tun yau.

Hanci na gaya wa mutum irin matsalar kafin ido ya gani. Ƙaurin roba mai hawa kai, waya ce. Warin fetur a cikin mota ana tafiya, tiyo ne ko robar bakin injekta, a tsaya, ba a cewa bari a ƙarasa gida. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙaurin mai, baƙin mai ne ke ɗiga a kan salansa. Fari fat mai tashi da sauri ya ɓace, da ɗan ƙamshi-ƙamshi, wannan tururin lagireto ne, ba wuta ba ce, kada a ɓata hoda a kansa kuma kada a buɗe murfin lagireto da zafi.

Abubuwan da suka fi jawo wutar waya a motocinmu sanannu ne. Na farko fis. Fis ya ƙone, maimakon a nemo dalili sai a naɗe shi da zaren waya ko takardar sigari, ko a cire ja mai amfiya 10 a sa kore mai 30. Fis an yi shi ne ya mutu a madadin waya. In aka hana shi mutuwa, wayar ce za ta zama fis, kuma tana cikin damin wayoyi a bayan dashbod inda hannu ba ya kaiwa. Launukan ba ado ba ne: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30, kuma murfin akwatin fis ya nuna na kowane gurbi. Na biyu kayan ƙari: amfilifaya, fitilun ado, na'urar bin sawun mota, ƙaho mai ƙarfi. Duk wayar da aka ja kai tsaye daga batir dole a sa mata fis a kusa da batir ɗin, kada ya wuce santimita 30, kuma inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Na uku batir da ba a ɗaure ba. A hanya mai gargada yana tsalle, jan kai ya taɓa bonet ko mariƙi, shi ke nan. Na huɗu ɓera, musamman motar da ke daɗewa a ajiye kusa da buhunan hatsi: yana cin rigar waya, yana kuma tara tsumma da ciyawa a kan inji.

Abu ɗaya game da hodar ABC da ba a cika faɗa ba: tana cin ƙarfe in ta haɗu da laima. Bayan an yi amfani da ita kada a bar ta ta kwana biyu a kan inji. A hure ta da iskar mai faci, a zuƙe ta cikin mota da na'ura, a cire soket-soket a goge, sannan a wanke a busar. A buɗe akwatin matatar iska a duba, in hoda ta shiga a canza matatar kafin a tayar. Kuma kada a mayar da kan batir a yi kik don a ga ko za ta tashi. A ja ta zuwa gareji a gano abin da ya kama tukuna.

Oga Bakanike

Hajiya, tukunyar da ke but kusa da safaya, ranar tafiya tana ƙarƙashin akwatuna da buhun shinkafa. Kafin a sauke kaya an ci minti biyu, wutar inji kuwa a minti biyu ta gama yanke hukunci. In kuma ta baya aka daki mota, but ɗin ma ba zai buɗu ba. Wurinta shi ne ƙasa a gaban kujerar mai zaman banza, a kwance a jikin gindin kujerar, inda direba zai miƙa hannu ya ɗauko. Akwai mariƙin da ake ɗaurawa a kan notunan gaba na layin kujera ba tare da an huda bodi ba, mai walda ma zai iya yi miki da falan ƙarfe. A tabbata kujera na iya gaba da baya, kuma an mayar da notunan an ɗaure tamau. In dole sai an huda ƙasan mota, a leƙa ƙarƙashi tukuna, bututun fetur da na birki ta nan suke bi.

Kada a ajiye ta sake. Mai kilo 2 da ƙarfenta ta haura kilo 3. A birki mai ƙarfi ko karo za ta tashi ta daki wanda ta samu, in kuma ta ɓangaren direba take za ta iya gangarawa ƙarƙashin fedar birki. Mariƙin roba da ke zuwa da masu araha na bango ne, a mota sai na ƙarfe mai ɗamara da maɓalli da ake ɓallewa da hannu ɗaya. A cire ledar da aka naɗe ta da ita daga shago. Wasu na ƙara ɗaure fil da waya ko salatif don kada ya faɗi, wannan kuskure ne, siririyar robar da kamfani ya sa an yi ta ne ta tsinke da an ja.

Batun zafi, tukunyar hoda mai inganci ba ta fashewa don mota ta wuni a rana. Iskar naitirojin ce a ciki da matsin bar 14 zuwa 15, an rubuta tana aiki har digiri 60, kuma daga sanyin safiya zuwa wannan zafin bar biyu ko uku kawai take ƙaruwa, alhali an gwada ƙarfenta da matsin da ya kai bar 20 ko fiye. Allurar agogo za ta ɗan haura da rana ta dawo da dare, ba komai. Abin gudu shi ne ajiye ta kan dashbod ko bayan kujerar baya a ƙarƙashin gilashi, nan ne zafin Sakkwato ko Maiduguri ke wuce abin da aka rubuta. Ƙasan mota ya fi ko'ina sanyi. Mai iskar CO2, wadda ke da baki kamar mazurari kuma ba ta da agogo, ita ce ba na so a mota: matsinta ya haura bar 50 tun a inuwa kuma yana hawa sosai da zafi, tana da nauyi, a fili iska na kwashe ta, a rufaffiyar mota kuma tana shaƙe mutum.

Inda zan ɗan bambanta da Yallaɓai shi ne mai kumfa. Ga wanda ke da wuri, kamar mai bas ko a-kori-kura, ina ganin ya haɗa hoda da mai kumfa lita 2. Hoda ta fi saurin kayar da wuta, amma kumfa na jiƙa soso da taya, tana sanyaya, tana rufe man da ya zuba, kuma ba ta toshe ido da numfashi in an fesa a ciki. Sai dai in guda ɗaya za a saya, hoda ce.

Duba ta aikin minti ɗaya ne a wata. Allura a kan kore. Fil da robarsa suna nan. Baki ba a toshe ba, don zanzaro na son gina gida a ciki. Gindi ba tsatsa, jiki ba lotsawa. Sannan a kifa ta a kasa kunne a jikinta, za a ji hoda na zubowa a hankali. Girgizar hanya na danne hodar ta cure a gefe ɗaya, in ba a ji motsi ba a bubbuga da tafin hannu. In an taɓa matsa ta ko sau ɗaya don gwaji, ta tashi daga aiki: hoda na maƙalewa a bawul, iskar ta sulale cikin kwanaki ko da allura ta nuna kore a ranar. A kai a sake cikawa. Wajen cikawa a tsaya a ga an juye tsohuwar, an zuba ABC daga buhu mai suna, an auna a sikeli. Ba a gauraya hodar ABC da ta BC, suna cin juna su dunƙule. Ko ba a taɓa ta ba, in ta shekara 5 a kai a buɗe ta, ko a sayi sabuwa tunda ƙarama ce.

Ta wajen inji kuma, a irin Corollarki salansa ta bayan inji take fitowa, ta jikin bango, inda ido ba ya gani. In gaskit ɗin murfin sama na yoyo, can man ke gangarawa. A sa bakanike ya haska da tocila duk lokacin juye. Tukunyar tace hayaƙi da ke ƙarƙashin mota na haura digiri 400 a tafiya, in filogi na fashi ta fi haka, shi ya sa ake hana fakin a kan ciyawa da kara lokacin hunturu. Birki da ya riƙe ko boris da ya bushe kuma suna iya kunna taya. Wannan ruwa yake so mai yawa, a tsaya ta gaba ko ta baya, ba a saitin gefen tayar ba.

Maman Ummi

Allah ya saka da alheri, na fahimta sosai. Saura biyu. Maigidan na tunanin mayar da motar mai amfani da gas na CNG, shin tukunyar hodar ta isa a nan ma? Sannan ina ganin in mota ta kama mutane na rugowa da yashi da ruwan omo, wannan yana da amfani ko ɓarna ce?

Ɗan Kwana-kwana

Amin Hajiya. Yashi na da amfani a inda ya dace: man da ya zuba a ƙasa, a rufe shi ruf. A inji kuwa ba ya kaiwa lungun da ke ci sai an wangale bonet, kuma kin ji illar hakan. Ruwa zalla a kan fetur ɓarna ce, fetur ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya hau kansa ya bi shi duk inda ya gangara, har ƙarƙashin motar da ke kusa. Ruwan omo ya fi ruwa zalla shiga soso da kafet, don haka bayan hoda ta kashe harshen wuta yana da kyau a jiƙa kujera ko taya da shi don kada ta taso. Amma kumfarsa ba irin ta kashe gobara ba ce, tana mutuwa da ta taɓa mai. A watsa bokiti a kan fetur mai ci, watsa wutar aka yi.

Ruwa wurinsa jikin mutum. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai tsabta, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Ba ƙwai, ba man goge baki, ba baƙin mai. Wanda tufafinsa suka kama kada ya yi gudu, a kayar da shi a naɗe da bargo ko darduma. Mai hijabi ko babbar riga ya tattare su kafin ya tunkari mota, yadin roba na narkewa ya manne a fata.

CNG kuwa, tukunyar hodar za ta ci gaba da zama, don motar na riƙe da tankin fetur ɗinta da wayoyinta, kuma yawancin wutar daga can za ta fara. Bambancin shi ne wutar gas ba a kashe ta sai an iya rufe gas ɗin. In aka kashe harshen alhali gas na fita, zai taru, tartsatsi ɗaya ya tashi da shi gaba ɗaya. Zare makulli na rufe bawul ɗin lantarki, a kan tukunyar gas ɗin kuma akwai na hannu, mai haɗawa ya nuna muku shi ku gwada rufewa da kanku. Ana cika tukunyar gas ɗin da matsin bar 200, kuma ta gaskiya na da abin da ke narkewa ya saki gas in zafi ya kai wajen digiri 110, don kada ta fashe. In ya saki, harshen wuta mai tsawo ne ke fita da ƙara. Saboda haka da wuta ta doshi but, ba sauran feshi, a kori mutane nesa fiye da ninki biyu na abin da na faɗa a baya, a kuma gaya wa 'yan kwana-kwana tun a waya cewa mai gas ce. A yi aikin a wurin da hukuma ta amince da shi, da tukunyar da aka ƙera don CNG mai lamba da kwanan wata a jiki. Tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa ba ta ɗaukar ko kusa da wannan matsi. Gas ɗin CNG sama yake tashi, don haka a tabbata an fitar da bututun numfashinsa waje daga but. Na girki da tururin fetur ƙasa suke kwanciya, shi ya sa jarkar fetur a but ta fi hatsari a kan yadda ake ɗauka, ga zafi ga wayar fitilar baya.

Masu motoci masu haɗin batir da fetur ko na lantarki zalla su ma su sani, in babban batir ne ya kama, hoda ba ta yi masa komai, ruwa mai ɗimbin yawa yake so kuma yana iya sake tashi bayan sa'o'i. Wayoyi masu ruwan lemo a cikinsu ba a taɓawa.

Tunda kina bin babbar hanya, in kin tarar da tankar mai ta faɗi, ko ba wuta, wannan ba wurin tukunyarki ba ne kuma ba wurin tsayawa kallo ba ne. Tururin fetur na bin kwata da gangare ya yi nisa, salansar mota ko ta babur ta isa ta kunna shi. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, a watan Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu a irin wannan, aka sake yi a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025. Allah ya jiƙansu. A juya tun daga nesa, a tsaya ta sama da gangaren, a kira 112 ko 122 na 'yan Rod Sefti.

In kun sayi sabuwa mai kilo 2, ku nemi wata tsohuwa da za a kai cikawa, ku fita fili ke da maigidan da duk wanda ke tuƙa motar, kowa ya zare fil ya matsa a kan ɗan itacen da aka kunna a cikin rabin duro, ya ji nauyinta da yadda take tura hannu. Ofisoshin kashe gobara na jiha na koyar da wannan in an nema.